Rabin ƙwaya a akwatin Kaka Semisi

Mount Druitt, Sidni
2 ga Nuwamba

Zuwa ga Kaka Melenaite,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida a Neiafu, kuma gwiwar nan ta daina hana ki zuwa coci. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ƙara mana haƙurin rashin ɗan'uwanki, Kaka Fotu. Mu nan muna lafiya. Baba yana nan yana tuƙin motar kaya, Mama ta koma aikin safe a gidan kula da tsofaffi, ni kuma na gama jarrabawar aji huɗu. Ki gafarce ni, ban taɓa rubuto miki ba, kuma ba wanda ya san na rubuta wannan. Zan ba Sela, matar fastonmu, da za ta taso zuwa wurinku ranar Alhamis.

Maganar ƙaninki ce, Kaka Semisi. Kin san yana da katin tsofaffi na gwamnati, wanda da shi yake sayen kowane magani a kan dala bakwai da 'yan kai. Ashe idan mutum ya wuce mako goma sha tara a wajen ƙasar, katin ya mutu. Da ya je jana'izar Kaka Fotu, kika ce ya tsaya har a kafa dutsen kabari, ya tsaya. Mako ashirin da ɗaya ya yi. Ba laifi nake ɗora miki ba, Kaka, ko mu da ke nan ba mu san dokar ba. A kantin magani muka ji, da matar kantin ta duba na'urarta ta ce a yi haƙuri, yanzu wasu sun haura dala talatin. Magungunansa shida ne. Ya yi dariya ya ce mata ai bai san zuciyarsa ta yi tsada haka ba, da tuni ya sayar.

Ni na cike masa takardar neman sabon kati, shafi bayan shafi. Yana zaune yana tsokanata, wai lauyar gidanmu, alƙalami ya fi ki ƙiba. Mun kai ofis, an karɓa, an ce mu jira. Na tambaya har yaushe, mutumin ya ce shi ma bai sani ba. Mako biyar ke nan. Kullum na dawo makaranta sai na leƙa akwatin wasiƙu, ba komai sai tallar kantuna.

Baba ya ƙara aikin Asabar, yana ba shi kuɗin maganin a hannu. Duk mun ɗauka shi ke nan. Ranar Litinin ina goge teburinsa, akwatin ƙwayoyinsa ya faɗi ya buɗe, sai na ga duk an raba su biyu da wuƙa, farar ta zuciya ma babu ita ko ɗaya. A cikin Littafi Mai Tsarki kuma ga ambulan da sunan gidanmu, kuɗin maganin na ciki. Baikon shekara ne, kuɗin da kowane gida ke ba coci, wanda za a karanta a gaban jama'a ranar sha bakwai ga wata. Ya shigo ya same ni a tsaye. Ya ce shekara tara ana kiran sunan gidanmu da abin da ba ya sa mu sunkuyar da kai, ba a shekarar da ya binne ɗan'uwansa za a ji ya ragu ba. Na ce to maganin fa? Ya ce rabi ma magani ne, jikinsa ba babba ba ne. Kaka, kin dai san girmansa.

Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa Baba ba. Ko na gaya masa, ɗa ba ya ɗaga wa ubansa murya. Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a bayan gida cikin gwazarsa, na tarar da shi zaune a ƙasa yana haki, ya ce ciyawa yake cirewa. Na yi ta kuka, na ce zan kai ƙararsa. Ya ce wurin wa, yarinya? Duk duniya mutum ɗaya ce za ta ce masa zauna ya zauna, ita kuma tana can bayan teku, kunnenta ba ya jin waya.

Shi ya sa na rubuto. Alkawarin da na yi a kan Baba ne, bai ambaci sunanki ba. Don Allah ki rubuta masa ko layi biyu ne da hannunki, ki ce ya buɗe ambulan ɗin ya sayi magani. Sela za ta dawo ranar sha biyar. Idan ya yi fushi da ni, na yarda.

Ki gaishe da Goggo Kalolaine, da Kawu Maka da iyalinsa, da matar marigayi Kaka Fotu. Yau da safe na ƙirga abin da ya rage a akwatin: rabi-rabi na kwana tara ne. Ban san yadda za mu yi da sauran kwanakin ba kafin Sela ta dawo.

Jikarki mai biyayya,
Lesieli