Na Ɗauki Abokina Aiki, Yanzu Shi Ke Shirin Korata

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin a kore ni daga shagon da na kafa da gumina.

Ni mai aski ne. Ina da aboki tun muna yara, direban babbar mota, muna ce masa Ba-Birki, don ko a hira ba ya tsayawa. Watannin baya ya dawo daga doguwar tafiya ƙafarsa ta hagu ta kumbura kamar matashin kai. Ya ce gajiya ce, ya shafa man zafi. Sai da numfashi ya fara gagararsa muka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya haura huhu. Gwaggo, ranar na yi kuka a ƙofar ɗakin, ni da gemuna. Allah ya sa da sauran kwana, aka sallame shi da maganin tsinka jini, aka ce ya manta da tuƙi tukuna.

To, Ba-Birki yana da mata da 'ya'ya huɗu, ga girman kai kamar motar da yake ja. Na kai masa kuɗi, ya dawo min da su. Na ba matarsa a ɓoye, ya gano, ya daina amsa gaisuwata. Matar tasa ce ta kawo dabarar in ce shagona yana neman manaja. Shagon da kujera biyu ce da madubi mai tsagewa! Na je na roƙe shi, ya yi ta jan aji, daga baya ya ce ya amince don ya rufa min asiri.

Na ɗauka zai zo ya sha iska, ƙarshen wata in miƙa masa albashi. Ina! Kullum ya riga ni zuwa. Ya hana hirar ƙwallo, wai ɓata lokaci ce, alhali rabin masu zuwa hirar ce ke kawo su. Ina aski yana tsaye a kaina, wai gefen hagu ya fi na dama, mutumin da bai taɓa riƙe almakashi ba. Akwai wani dattijo mai sanƙo da ya daɗe yana zuwa duk mako, manaja ya dubi kansa ya ce masa ya ji tsoron Allah ya daina almubazzaranci. Bai sake dawowa ba. Yanzu kuma wai zai koyi gyaran gemu, mutumin da aka ce ko ƙwarzane ya kiyaye saboda maganin tsinka jini, har na koma yawo da reza a aljihu don kada ya ɗauka. Jiya na makara, ya ja ni gefe ya ce gargaɗin ƙarshe ke nan.

Matata ta ce albashin manaja ya cinye cefane, in ya iya shugabanci ya zo ya shugabanci tukunyarta. Amma Gwaggo, fuskarsa ta ciko, yana dariya, matarsa ta ce yanzu yana barci. Ina tsoron in faɗa masa gaskiya ya karye. Ya zan yi?

Mai Askin Da Aka Yi Wa Juyin Mulki

Ɗana mai aski,

Na yi dariya, amma ka burge ni. Ba kowa ke samun aboki irinka ba.

Kana tsammanin mutumin da ya yi shekaru yana ratsa hanyoyi bai san shago mai kujera biyu ba ya bukatar manaja? Ina kyautata zaton ya sani sarai. Wannan zafin aikin nasa, ƙoƙari yake ya halatta abin da yake kai wa 'ya'yansa. Don haka kada ka ce masa aikin na bogi ne. Amma ita ma matarka tana da gaskiya, ba a jinyar wani gida da yunwar wani.

Fara da ita. Ku zauna ku tsayar da abin da gidanku zai iya ɗauka, da lokacin da za a sake duba lamarin. Sannan ka je wa manaja a matsayinsa na manaja, ka ce ciniki ya ja baya, kana neman shawararsa. Bari maganar dawo da hirar ƙwallo da rage albashi su fito daga bakinsa.

Ka ba shi aiki na gaske, nesa da reza da kawunan mutane: sayo kayan shago, kai injin aski gyara, biyan kuɗin wuta. Ku tambayi likitansa irin zirga-zirgar da ta dace da shi, kuma kada a yi wasa da magani. Ka kuma tuntuɓi abokan tuƙinsa, wataƙila akwai aikin tasha da ba sai ya hau mota ba. Nauyin nan ya fi ƙarfin almakashi ɗaya.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya buɗa maka kasuwa, ya bar ku tare har ku tsufa kuna yi wa juna gori a kan wannan shekarar.

Gwaggonku