Gogenka Ba Zai Shiga Gilashi Ba, Baba

Assalamu alaikum Baba, tare da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Shekara tara ke nan rabona da gida. Karatun da ya kawo ni ya tsaya tun da aka daina turo kuɗin makaranta. Yanzu gadi nake yi a wani gidan adana kayan tarihi a Birmingham, shi ma council, wato hukumar garin, ta rage mana ranakun aiki.

A ɗakin da nake tsayuwa akwai wani ƙaton goge na Turawa, cello suke ce masa, tsayinsa ya kai ƙirjina. A Italiya aka sassaƙa shi tun zamanin kakannin kakanni. Daga hannun wani basarake ya koma na makaɗin da har yau da sunansa ake kiransa. Wata bazawara ta ɓoye shi lokacin yaƙi, jikokinta suka sayar. Yanzu na wani banki ne. Ka ji fa, Baba, banki! Tun da aka kawo shi nake kallonsa cikin gilashi, ban taɓa jin kukansa ba.

Gaskiya ɗaya ce, mutanen nan sun iya riƙon abu. Ba ƙura, ba tsaga, kuma ba su jin kunyar sunan makaɗinsu. Mu kuwa Yaya Sani, ɗanka na fari, in aka tambaye shi sana'arka sai ya ce noma.

To, wata Baturiya mai sayen tsoffin kayan kiɗa daga Manchester ta ga hoton gogenka da ke nan wurina a wayata. Tana son sa. Ba ta raina shi ba, har sunanka ta tambaya, ta ce za a rubuta a jikin akwatinsa. Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi in sallama in turo kuɗin a gyara rufin gida, dama abin nan ba abin ajiyewa ba ne a gidan mutunci. Rufin yana yoyo, na sani. Amma gogen nan ne ya ɗora rufin tun farko, shi ne kuma ya saya wa Yaya littattafan da ya karanta har ya fara jin kunyarka.

Ina tuna ka a zaure, ka kara fatar damon nan kusa da garwashi, kana ƙwanƙwasa ta da yatsa har ta tsuke. Sai ka goga wa izga ƙaro, ka ce, "Goge ba ya mutuwa da tsufa, da shiru yake mutuwa."

A nan unguwarmu ta Erdington danshi ne ke sakin fatar. Ni da ba na kunna hita sai sanyi ya kai mini ƙashi, duk Juma'a sai na kunna wa gogen, in jira ya ɗau zafi, in ja. Maƙwabcina yana buga bango. Hannuna ba naka ba ne, Baba, da ka ji da ka yi dariya ka ƙwace. Amma gogen yana kuka.

Na aika wa matar nan kada ta ɓata kuɗinta na jirgin ƙasa. Yaya ya daina ɗaukar wayata. Rufin zan gyara shi da gumina, ko zai kai ni wata shekarar.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya shirya mu da muka rage.

In kana son sanin abin da na tsirar a shekarun nan, ba yawa. Cikin tarin kiɗe-kiɗenka, huɗu na riƙe cikakku. Na biyar ina zuwa tsakiyarsa yake kuɓuce mini, kuma ban daina nemansa ba.

Ɗanka da bai sallama ba,
Habibu