Faifai da Almakashi

Zuwa ga Miriam, ruwan farkon damina, inuwar mangwaron da nake hutawa a ƙarƙashinta, sanyin idona,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ɗaki ya yi wa faɗi. Tun da aikin asibiti ya ɗauke ki zuwa Kafanchan, Gonin Gora ta zame mini tasha kawai. Motocin Abuja suna wucewa, masu gasa masara suna fifita, kowa da inda ya dosa, ni kaɗai ne a tsaye!

Ranar Asabar matasan marubuta suka gayyace ni Nasarawa, wai kowa ya faɗi yadda yake rubutunsa. Wani Derrick ya ce shi daga ƙarshen labari yake farowa ya komo baya. Wata Debby ta ce hirar fasinjojin Keke take tsinta ta ɗinke. Da aka zo kaina na miƙe da fankama, na ce ni in na gama labari almakashi nake sa masa, in yanka shi gunduwa-gunduwa, in zuba a faifai, a rufe ido a riƙa ɗauka, yadda suka fito haka za a buga. Aka yi ta tafi. Sai Debby ta tambaye ni hannun wa ke ɗaukar. Wayyo Miriam! Na koma na zauna.

Kin tuna yammacin da iskar hadari ta kwashe mana rabin babi ta watsa a tsakar gida, kika bi shi da gudu ba takalmi, kina dariya kina kirana mahaukacin tela? Kin tuna yadda kike ɗaure idonki da ɗankwali, kina lalube a faifai, ni ina gefe da gam ina liƙawa? Na gwada da hannuna, Allah ya sani na gwada. Shara ce zalla ke fitowa. Me zan ce wa mutane, ni da salona ya hau mota ya tafi Kafanchan? Kewarki ta ishe ni, tauraruwata, ga saƙonninki kullum sai ƙara gajarcewa suke yi, ni kuwa tsoron tambaya nake ji.

Sabon littafina, labarin wata da ta yi tafiya, ya tsaya cak. Guntaye biyu suka rage a faifai, ga su nan cikin ambulan ɗin nan. Ɗaya ya ce ta dawo. Ɗaya ya ce ba ta dawo ba.

Wannan karon, don Allah, kada ki ɗaure ido. Ki karanta su da kyau, ki zaɓa. Wanda kika aiko shi zan liƙa a shafin ƙarshe, ba zan taɓa masa ko wasali ba. In kuma na farkon ne, kada ki ba direban mota ya kawo. Ki kawo da kanki, gam ɗin yana nan bai bushe ba.

Naki har ƙarshen numfashi, ko da wanne kika zaɓa,
Istifanus