Na Ƙirga Su da Yatsa

Karaganda, 9 ga Maris

Yaya Pinhas,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya Mazal da yara, da mutanen unguwarmu a Bukhara? Ni lafiya lau, tarin ma da ɗan sauƙi.

Addu'ar cikar shekarar Baba da rasuwa ba ta yiwu ba a nan. Ka san ba a karanta Kadish, addu'ar mamaci, sai da maza goma, garin nan kuwa Yahudawa sai an tona. Mako uku ina roƙon Allah, ina bin gidaje. Ranar Talata ya amsa, muka cika goma cif har da ni.

Amma ka san halina, ba na yarda da idona. Sai na ɗaga yatsa ina ƙirga su a fili. Mulla Yushuwa, tsoho mai gyaran takalma, ya miƙe.

"Kai, ɗan Bukhara, tumaki ka samu? Ubanka bai koya maka ba? Ba a ƙirga Bani Isra'ila da yatsa! Annoba za ka jawo mana?"

Ya ɗauki sandarsa ya fice. Muka koma tara, shinkafar da na dafa ta huce a tukunya.

Don Allah ka karanta wa Baba a ɗakin ibadarmu, kuma kada Inna ta ji. Ka aiko mini da busasshen inabi, da shi zan je ban haƙuri.

Allah ya bar zumunci. Baɗi hannuna ba zai fito daga aljihu ba.

Ƙaninka,
Neriya