Basillar Ɗinkin Buhu

Baban Fiddausi,

Na tafi Durun gaisuwar mutuwa, ban tashe ka ba.

Jiya a Gwarzo likita yana danna gaban kunnenka ka kurma ihu. Ya ce ciwon kan nan daga muƙamuƙi yake, ka hutar da shi. Muna dawowa na iske ka a zaure kana ɗinkin buhun masara, kana jan igiya da haƙori, kamar ba da kai aka yi ba! Haba, Malam!

Ga ruwan ɗumi a fulas, ka tsoma tsumma ka gasa wurin. Na dama maka kunu, ba sai ka tauna komai ba.

Basillarka kuwa, kada ka wahala wajen nema. Tare muka tafi Durun.

Hajaratu