Ɓarin Hadiza

Ibohamane, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau na ja da masu karatu biyu, kuma ban faɗi ba.

Surukata Hadiza ta yi ɓarin cikin wata biyar a gidan likita. Majo, yaron nan ma'aikacin jinya da anka turo muna daga Yamai, ya sa abin cikin bokiti za a kai ramin shara. Na ce ya ba ni jikana.

Ya ce, "Baba, ai bai zama mutum ba tukuna."

Liman ma ya sa baki, wai wanda bai yi kuka ba, ba a yi mashi salla.

Na ce, "Malam, ba salla na roƙa ba, kabari na roƙa. Kai kuma ɗana, zo ka dubi yatsun nan. Da na matarka ne, shara za ka kai shi?"

Majo ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauko farin ƙyalle ya naɗe shi da hannunshi. Liman da kanshi ya taya ni ginar kabarin.

Hadiza ba ta iya tambayata don kunya, sai ta aiko tsohuwa, uwargidana: ina munka kai shi? Na ce yana kusa da kabarin mahaifiyata. An ce sai lokacin ta yarda ta sha kunu.