Bencin da Kakanka Ya Ƙera

Angona, ragon miji,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya jikin mamarka? Ni lafiya lau nake a gidan kawunka, sai dai sanyin ƙasar nan ya aure gwiwoyina, tunda kai ka ƙi ni.

An ce tun fitowarka daga kurkuku kake tsayawa bakin ƙofar coci, ba ka shiga. Gado ka yi! Kakanka kafinta shi ya ƙera kowane benci a ciki, bai taɓa zama kan ko ɗaya ba. Cewa yake, "Da warin giya zan gaida Ubangiji?" A waje yake rera waƙa har ya rasu.

Nan ma, duk Lahadi in an ɗauki waƙa, sai in ji muryarsa bayan ƙofa, har da tarinsa. In na waiga, ba kowa. Matsawa nake in bar masa wuri.

Ɗan nan, Almasihu bai ce sai mun yi wanka mu zo ba. Ni mai bakin tsiya ma ya karɓe ni. Shiga ka zauna a bencina mai gurguwar ƙafa. Murya ɗaya a waje ta ishe ni.

Kakarka, amarya mai haƙori biyu